Ɓallewar Zuma da Ƙaurarta a Ƙasar Kazaure da Babura: Kalandar Wa Mai Amya Zai Bi?

Tsakure

Yawancin littattafan kiwon zuma da ake karantarwa da su a makarantunmu an rubuta su ne don Turai da Amurka, inda zuma ke rabuwa gida biyu a lokaci guda sananne, bayan dusar ƙanƙara ta narke. Wannan takarda ta dubi al'amarin a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Ta bambanta ɓallewa da ƙaura, ta bi yadda furen itatuwa da na gonaki ke tsara rayuwar amya, sannan ta auna dabarun da aka aro daga waje. Matsayinta shi ne mai amya a wannan yanki ya fi samun riba idan ya koyi raba gida da tarbar ayari, maimakon ɓata ƙarfinsa wajen hana zuma abin da aka halicce ta a kansa.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa ɗaura amya ya san kalmomi biyu da ke yanke hukuncin shekararsa: "ta shiga" da "ta tashi". Na farko albishir ne, na biyu jaje. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne cewa "ta tashi" ɗin nan tana ɗauke da abubuwa biyu mabambanta, masu dalilai daban da magani daban, kuma haɗa su da muke yi a baki ɗaya yana ja wa masu sana'ar asara.

Kazaure da Roni da Gwiwa suna cikin masarautar Kazaure, Babura kuma tana cikin ta Ringim, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ruwan sama a nan ba ya wuce wata huɗu zuwa biyar. Ta wajen Kazaure da Roni ƙasar tana da duwatsu da tuddai, ta wajen Babura kuma jigawa ce shimfiɗaɗɗiya, ƙasar gero da riɗi da zoɓo. Suratun Nahli ta ambaci wurare uku da zuma ke yin gida, wato duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke kafawa, kuma duk ukun akwai su a wannan ɗan yanki. Zumar kogon dutse da ta kogon kuka da ta amya jama'a ɗaya ce, suna musayar ayari a kowace shekara.

Ɓallewa daban, ƙaura daban

A wannan takarda zan kira rabuwar gida biyu da suna "ɓallewa". Tana faruwa ne idan gida ya yi ƙarfi, abinci ya wadata, wuri ya yi kaɗan. Tsohuwar sarauniya ta fita da rabin ma'aikata ko fiye, wato ayari, a bar 'ya'ya da abinci da sarauniya mai jiran gado. Ita ce hanyar haihuwar zuma a matsayinta na al'umma. "Ƙaura" kuwa ita ce tashin gida kacokan: sarauniya da ma'aikata duk su fice, a bar saƙa fayau. Yunwa ke kawo ta, ko ƙishirwa, ko zafi, ko kwarkwasa da sauran maƙiya, ko kuma hannun mai amyar kansa.

Ana iya gane su tun kafin a buɗe amya. Gidan da ke shirin ɓallewa ƙofarsa cike take da zirga-zirga, ma'aikata na shiga da garin fure a ƙafafunsu, mazan zuma sun yawaita, amya ta yi nauyi a hannu. Gidan da ke shirin ƙaura sai ka ga shigar garin fure ta tsaya, ƙofa ta yi tsit, domin sarauniya ta daina ƙwai ana jiran 'ya'yan ƙarshe su fito. Wanda ya ba gida na biyu maganin na farko, wato ya raba shi, ya gaggauta tafiyarsa ne kawai.

Abin da ke gudana a cikin amya

Sarauniya tana fitar da wani sinadari daga jikinta wanda ma'aikata ke lasa suna miƙa wa juna. Muddin yana isa ga kowa, ba a tunanin naɗa wata. Idan jama'a ta yi yawa, ko sarauniya ta tsufa sinadarin ya ragu, ko an cika ramukan saƙa da zuma har ta rasa inda za ta sa ƙwai, sai ma'aikata su fara gina ɗakunan sarauta a gefen saƙa. Suna da sauƙin ganewa, domin suna rataye ne suna kallon ƙasa, siffarsu kamar kwanson gyaɗa.

Daga nan lissafi ne na kwanaki. Ƙwai yana kwana 3 kafin ya ƙyanƙyashe. Ana rufe ɗakin sarauta wajen kwana na 8 ko na 9, kuma a daidai wannan lokaci ayarin farko kan fita. Sabuwar sarauniya tana fitowa a kwana na 16 a zumar Turai, ta Afirka kuma takan riga ta da kwana ɗaya ko biyu. Ma'aikaciya tana ɗaukar kwana 21 a lissafin Turai, namiji kwana 24. Bayan fitowar sabuwar sarauniya sai ta yi kamar mako guda kafin ta fita barbara a sararin sama, ta dawo ta fara ƙwai. A dunƙule, gidan da ya ɓalle yana yin mako uku zuwa huɗu ba a sa sabon ƙwai ba. Idan wannan giɓi ya faɗo a tsakiyar fure, zumar shekarar ta tafi. Idan kuma gidan ya sake fitar da ayari na biyu da na uku tare da 'yan matan sarauniyoyi, abin da ya rage ba ya iya kare kansa daga asun kaki.

Ayarin da ya fita yakan fara sauka kusa, a reshen itace ko katanga, ya dunƙule wuri guda. 'Yan leƙen asiri su bazu neman gida, su dawo su bayyana abin da suka gani ta hanyar rawar da Karl von Frisch ya fassara, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1973. Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya nuna cewa zumar Turai ta fi son kogo mai faɗin lita 40, mai ƙaramar ƙofa, a sama da ƙasa. Wannan zaman jira, na 'yan sa'o'i ko kwana biyu, shi ne damar mai amya.

Zumarmu ba ta Turai ba ce

Zumar Afirka ta Yamma masana suna kiran ta Apis mellifera adansonii, a bakin Sahel kuma akwai ƙaramar Apis mellifera jemenitica. Zumar Turai ta rayu ne a inda sanyi ke kashe duk gidan da bai tara abinci ba, saboda haka ɗabi'arta tarawa ce da zama wuri ɗaya. Tamu ta rayu a inda fari da gobarar daji da dage ke kashe wanda ya tsaya, saboda haka ɗabi'arta yawan haihuwa ce da saurin tashi. Tana mayar da abinci 'ya'ya da wuri, tana ɓallewa tun gida bai kai girman na Turai ba, kuma tana karɓar ƙaramin kogo.

Duniya ta ga ƙarfin wannan ɗabi'a a fili. A 1956 masani Warwick Kerr ya kai sarauniyoyin zumar Afirka ƙasar Brazil, daga jinsin scutellata na gabashi da kudancin nahiyar, 'yar uwar tamu. A 1957 gida 26 suka kuɓuce. Ta hanyar ɓallewa da ƙaura zuriyarsu ta ratsa Kudancin Amurka da Tsakiyarta, ta isa jihar Texas a 1990. Halittar da ta yi wannan tafiya cikin shekara 33, ba a tsare ta da yanke ɗakunan sarauta.

Lokutanmu huɗu da furensu

Littafin Bature yana cewa a shirya wa ɓallewa daga Afrilu zuwa Yuni. Wasu masu fassara sukan mayar da sunan wannan lokaci nasu "bazara", kuma a nan kuskuren ya samo asali. Lokacin nasu na tohon ganye ne da yalwar fure. Bazararmu ta Afrilu da Mayu lokaci ne da zafi ke haura digiri 40, tafkuna sun ƙafe, fure ya ja baya. Ɗalibin da ya haddace wancan jadawali zai je neman ɗakunan sarauta a watan da zumarsa ke neman ruwan sha.

Abin da ke tayar da ɓallewa shi ne yalwa, kuma yalwa tana zo mana sau biyu. Ta farko daga ƙarshen damina zuwa kaka: ciyayin daji sun yi fure, gero da dawa da masara sun ba da garin fure, riɗi da wake sun ba da ruwan fure, magarya ta buɗe, sannan gawo ya karɓa. Gawo abin lura ne ƙwarai, domin yana zubar da ganye da damina, ya toho ya yi fure da shigowar rani, daidai lokacin da sauran ke rufewa. Yalwa ta biyu tana zuwa daga tsakiyar hunturu zuwa goshin bazara, lokacin furen mangwaro da ɗorawa da darbejiya, tare da abin da lambunan rani ke bayarwa a inda ake da ruwa, kamar kewayen madatsar Muhammadu Ayuba a Kazaure.

Waɗannan lokuta ba sa faɗuwa rana ɗaya a ko'ina. Amyar da ke kusa da lambun mangwaro a Kazaure da wadda ke tsakiyar gonar riɗi a Babura ba za su cika a wata ɗaya ba, ko da tazararsu tafiyar sa'a guda ce. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ma komai yakan matso. Don haka ƙa'idar da nake bayarwa ta itace ce: daga ranar da babban furen unguwarku ya buɗe, a ƙirga mako huɗu zuwa shida, wato kusan tsawon da ake buƙata a reni zubi ɗaya ko biyu na ma'aikata, a sa ido a kan ƙofar amya.

Dabarun da aka aro, da waɗanda suka karɓe mu

Duk dabarun hana ɓallewa na zamani sun dogara ne a kan saƙar da ake iya cirewa a mayar. Lorenzo Langstroth ya gano tazarar da zuma ke bari tsakanin saƙa da saƙa a 1851, ya yi rajistar akwatinsa a 1852. George Demaree na Kentucky ya bayyana dabararsa a 1892: a raba sarauniya da yawancin 'ya'yanta a cikin akwati mai hawa-hawa, gida ya ji kamar ya riga ya ɓalle. Dabara ce mai kyau ga wanda ke da akwatuna masu awo ɗaya da ragar tsare sarauniya da zuma mai haƙurin a buɗe ta kowane mako. A ƙauyukan Gwiwa da Roni ba kasafai ake haɗa ukun nan ba.

A nan akwai cikas da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. Tunda ana rufe ɗakin sarauta a kwana 8 zuwa 9, littafi ya ce a duba amya duk kwana bakwai. Amma yawan buɗewa da hayaƙi yana cikin abubuwan da ke sa zumarmu ƙaura. Mai bin littafi sau da ƙafa zai iya tsare rabin gida ya rasa dukkansa. Ra'ayina shi ne a karanta ƙofa da nauyi kullum, a buɗe kawai idan alamu sun taru, da yamma liƙis, da hayaƙi kaɗan mai sanyi. Cincirindo a bakin ƙofa shi kaɗai ba hujja ba ne, domin zafi ma yana fito da su shan iska.

Yanke fiffiken sarauniya ban ga amfaninsa a nan ba. Ayari zai fita, ita ta faɗi ƙasa cinnaka su same ta, sauran su koma su jira budurwar sarauniya su tafi da ita. Toshe ƙofa da raga yana tsare maza su mutu a ciki su cushe hanya. Fasa ɗakunan sarauta kuwa jinkiri ne na mako guda, kuma idan aka fasa bayan tsohuwa ta riga ta fita, an bar gida maraya.

Abu na farko da ke aiki shi ne ba da wuri. A akwatin Kenya mai sanduna, wanda aka inganta da haɗin gwiwar masanan Jami'ar Guelph ta Kanada, faɗin sandar da ya dace da zumarmu milimita 32 ne. Kafinta ya kiyaye wannan awo, domin idan ya kauce zuma za ta gina saƙa a karkace ta haɗe sanduna, akwatin ya koma amyar da ba a iya dubawa. Idan fure ya buɗe, a ɗebe saƙar zumar da ta nuna, a sa sanduna marasa komai a gefen 'ya'ya. Mai amyar gargajiya ma yana da kwatankwacin wannan: ya ɗebi zuma ta ƙofar baya da wuri, ya bar saƙar 'ya'ya, maimakon jiran ɗiba ɗaya tak a shekara wadda ake ƙone gida a kwashe komai.

Na biyu shi ne raba gida da hannunka kafin ya raba kansa. Idan an ga ɗakunan sarauta da tsutsa a ciki, a ɗauki tsohuwar sarauniya da saƙa uku ko huɗu na 'ya'ya da biyu na abinci, da ma'aikatan da ke kansu, a sa a sabon akwati a kai nesa, kilomita uku ko fiye. A tsohon gida a bar ɗakunan sarauta biyu mafiya kyau, a cire sauran don kada a yi ayari na biyu. Idan ba a ga sarauniya ba, kuma zumarmu gwanar ɓuya ce, a tabbatar kowane ɓangare yana da ƙwai da ƙananan tsutsa, wanda ba shi da uwa zai reni tasa. Daga nan a ƙyale su wata guda. Sharaɗi biyu ne: a ga maza suna yawo, kuma a tabbata akwai sauran fure a gaba. Rabon da aka yi a kaka yana da gawo da mangwaro a gabansa. Wanda aka yi a ƙarshen Maris bazara ce a gabansa, kuma sau da yawa duka ɓangarorin biyu ake rasawa.

Na uku, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne tarbar ayari. Masu kiwon zuma a Turai suna sayen sarauniya da ma'aikata daga masu renonsu. Mu a nan kusan kowace amya da ke da zuma, ayari ne ya shige ta da kansa. Ɓallewar da ke rage gidan wani ita ce ke cika amyar wani. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke saƙa amya, su shafe ta da kashin shanu, su turara ta, su ɗaura a reshe. Wannan ilimi ne cikakke, gyara kaɗan yake so. Amyar tarko ta kasance mai lita 20 zuwa 40, mai ƙaramar ƙofa, a inuwa, a sama da tsayin mutum biyu. A goga mata kaki da ƙaron zuma. Ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake dafawa a shayi tana da sinadaran da suka yi kama da ƙamshin da ma'aikata ke kiran junansu da shi, a murza ta a ciki. A ɗaura tarko mako biyu kafin lokacin, a duba shi don ƙadangare da gizo-gizo da zanzaro kan riga zuma shiga. Mai akwatin Kenya ya yi tarkonsa da sanduna masu awon akwatinsa, don ya ɗauke saƙar ya mayar ba tare da ya fasa ta ba. Duk mai amya goma masu zuma ya kamata ya ajiye uku ko huɗu a buɗe a kewayensu.

Bazara

Da shigar Afrilu aikin ya juya. Zuma tana riƙe ɗumin ɗakin 'ya'ya a digiri 34 zuwa 35, kuma da ruwa take yin haka: ta ɗebo, ta shimfiɗa a saƙa, ta yi fifita da fukafukai. Akwatin da aka rufe da kwano aka ajiye a rana, saƙarsa takan yi laushi ta zube da nauyin zuma. Inuwa, da jinkar ciyawa a kan murfi, da kaskon ruwa mai tsakuwa ko karare a ciki don kada su nutse, su ne maganin ƙaura mafi araha. A shafa baƙin mai a ƙafafun abin da aka ɗora akwatin saboda kwarkwasa. A ɗibar ƙarshe kuma a bar wa gida rabonsa. Na taɓa rasa gida mai ƙarfi saboda na kwashe saƙar da ya kamata in bari, kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa.

Ruwan nan yana da wata fa'ida. Zumar da ba a ba ruwa ba za ta je rijiya da famfo da wurin shayar da dabbobi, daga nan rigima da maƙwabta ke farawa. Dabbar da ke ɗaure a turke ba ta iya gudu idan zuma ta fusata, don haka a nisanta amya da turke da makaranta da hanya. Feshin maganin ƙwari a gonar wake da kankana lokacin fure shi ma yana karya gida, kuma sauƙinsa shi ne manomi ya yi feshi da yamma bayan zuma ta koma, ya sanar da mai amyar da ke kusa.

Kira

Ayarin da ya sauka a cikin gari, a masallaci ko kasuwa, yawanci wuta ko fiya-fiya ce makomarsa. Alhali a wannan hali cikinsa cike yake da guzurin zuma, ba shi da 'ya'yan da zai kare, kuma gwani yana iya kakkaɓe shi a kwando da magariba. Ina roƙon masu unguwanni da dagatai da sarakunan noma su san masu amyar garinsu, a kira su kafin a kira mai fetur.

Ga malamai kuma, Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana Kazaure, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021 tana Babura, hukumar raya aikin gona ta jiha, JARDA, tana da malaman gona a ƙananan hukumomi, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda ke da ta cewa a kan irin itacen da ake dasawa. Aikin da nake nema bai fi ƙarfinsu ba: a zaɓi masu amya a kowace ƙaramar hukuma daga cikin huɗun nan, a ba kowa littafi, ya rubuta da boko ko da ajami ranar da kowane itace ya yi fure, ranar da ayari ya fita, ranar da amya ta shiga, da ranar da gida ya yi ƙaura. A yi haka shekara uku a jere, a buga sakamakon da Hausa, a karanta shi a rediyo kafin kaka. Dattawan da suka san waɗannan ranaku da ka suna nan da ransu a Roni da Gwiwa, a fara da su tun yanzu.